Tarihin Dajin Muƙamuƙin Yara: Daga Kampala Zuwa Ƙasar Zakirai

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a karkarar Kano, musamman irin ƙasar Zakirai inda gona ke haɗe da gona, ƙauye na hangen ƙauye, da wuya a ce bai taɓa ganin yaro da kumburarren kunci ba. Galibi ba abin tashin hankali ba ne. Ko dai hangum ne, wanda kan yi 'yan kwanakinsa ya wuce, ko kuwa ruɓaɓɓen haƙori ne ya tara ruwa. Amma fa akwai wani kumburi na daban wanda ba kasafai akan gan shi ba. Yaro ɗan shekara biyar zuwa bakwai, yana wasansa lafiya lau, sai a wayi gari gefen fuskarsa ya tasa. Ba ya kukan zafi sosai. Kafin mako biyu haƙoransa sun fara girgiɗi, dasashi ya cika baki, wani lokaci har ido ya turo waje. A kai shi wurin wanzami a yi sakiya, ba a sami mugunya ba. A shafa wannan, a turara wancan, daga nan sai a ce daji ne, daji kuwa ai ba ya son allura. Kafin a sayar da 'yar akuya a yi shawarar tafiya birni watanni sun shuɗe, yaro ya riga mu gidan gaskiya.

Wannan ciwo yana da suna a wurin likitoci, watau limfomar Burkitt. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi tarihin yadda aka gano shi, da abin da madubin likita ya nuna game da shi, da kuma rawar da Nijeriya, har ma da ƙasar Kano, suka taka cikin labarin. Mai karatu zai ga cewa ciwon yana cikin mafiya saurin kisa, sa'an nan kuma yana cikin mafiya jin magani. Abin da ke raba tsakanin biyun shi ne lokacin da aka kai yaro gaban mai madubi.

Mece Ce Limfoma?

Kafin mu shiga tarihi ya kamata mu share fage. A cikin jinin mutum akwai jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, akwai kuma farare waɗanda su ne dakarun jiki. Daga cikin fararen akwai wani jinsi da ake kira limfosait, shi kuma ya kasu gida biyu. Akwai ƙwayoyin T, masu farautar duk ƙwayar jikin da cuta ta shiga su hallaka ta. Akwai kuma ƙwayoyin B, waɗanda su ne maƙeran rundunar, domin su ke ƙera makamin da ya dace da kowace cuta su zuba shi cikin jini. Barikin waɗannan dakaru shi ne 'yan ƙulle-ƙullen nan da ke wuya da hammata da matsematsi, waɗanda in sun kumbura mukan ce kaluluwa ta fito, sai kuma saifa da bangon hanji.

To, idan ɗaya daga cikin waɗannan dakaru ta kangare, ta shiga hayayyafa ba ji ba gani, ita ce ake kira limfoma. Limfoma iri-iri ce, ta fi iri hamsin. Ta Burkitt daga ƙwayar B take fitowa. A Turai da Amurka ba ta da yawa ko kaɗan, ba ta wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na limfomar manya ba. A tsakiyar Afirka kuwa, duk da cewa yara 3 zuwa 6 ne cikin 100,000 take kamawa a shekara, ta daɗe tana kan gaba cikin dajin da ke kama yara.

Likita Mai Ido Ɗaya

An haifi Denis Burkitt a shekarar 1911 a garin Enniskillen na ƙasar Ailan. Yana ɗan shekara 11 ya rasa idonsa na dama, amma wannan bai hana shi zama likitan fiɗa ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya kama aiki a Yuganda cikin 1946, daga baya aka kawo shi asibitin Mulago da ke Kampala. Cikin 1957 wani abokin aikinsa, Hugh Trowell, ya kira shi ya duba wani yaro ɗan shekara biyar wanda muƙamuƙinsa ya kumbura sama da ƙasa, dama da hagu. Burkitt ya ɗauki hoto ya rubuta bayani, yana zaton abu ne da ba zai sake gani ba. Ba a yi makonni da yawa ba sai ga wani yaron a garin Jinja da irin wannan kumburi, har da ƙari a ciki.

Daga nan ya koma ya tone tsofaffin takardun asibiti. Sai ya tarar da wani abin mamaki. An daɗe ana ganin waɗannan yara, sai dai kowane likita da sunan da yake ba ciwon. In ya fito a ido a ce dajin ido ne, in a ƙoda a ce na ƙoda, in a mahaifar ƙwai ta 'yan mata a ba shi wani sunan. Burkitt ne ya ce duk abu ɗaya ne, fuska kawai yake sakewa. Cikin 1958 ya buga bayanin yara 38 a wata mujallar likitocin fiɗa ta Ingila, amma ba wanda ya kula sosai.

Gaskiya ba shi ne farkon wanda ya ga ciwon ba. Albert Cook, likitan mishan da ya kafa asibitin Mengo a 1897, ya bar bayanin irin waɗannan yara tun farkon ƙarni na 20. A nan Nijeriya ma, cikin 1934, wasu likitoci biyu a Ikko, Smith da Elmes, sun buga nazarin ƙari 500 da aka ciro daga jikin mutanen ƙasar nan, a ciki har da na muƙamuƙi da na kwarmin idon ƙananan yara. Kowa ya ga nasa yankin, Burkitt ne ya harhaɗa.

Abin Da Madubi Ya Nuna

Shi Burkitt likitan wuƙa ne, don haka da farko ya ɗauka dajin ƙashi da tsoka ne. Masu gyara masa su ne masana fatoloji, watau ilmin gano cuta ta hanyar duba yankin tsoka a ƙarƙashin madubi. Yadda suke aikinsu shi ne, a ɗebo ɗan ƙaramin yanki na ƙarin, a daskarar da shi cikin kakin zuma irin na kyandir, a yanka shi siriri fiye da fatar albasa, a rina shi da launi biyu, shuɗi da ja-ja, sa'an nan a ɗora bisa gilashi a duba. Cikin 1960 Gregory O'Conor da Jack Davies na Kwalejin Makerere suka tabbatar cewa limfoma ce, kuma ita kaɗai ta kai kusan rabin dajin yaran da aka rubuta a Kampala.

Abin da mai duba madubi ke gani yana da ban sha'awa, ko da yake labarinsa ba daɗi. Zai ga ƙwayoyi matsakaita, kansu ɗaya kamar an auna, sun cunkushe sun rine da shuɗi mai duhu. Jefi-jefi a tsakaninsu akwai wasu manyan ƙwayoyi masu haske. Duka hoton sai ya yi kama da sararin sama a daren da babu farin wata, taurari sun bazu, kuma da wannan kamance likitocin duniya suka san shi har yau. Su waɗannan taurari ba daji ba ne. Ƙwayoyi ne masu shara, aikinsu haɗiye gawarwakin ƙwayoyin dajin da suka mutu. Dalili kuwa shi ne ƙarin yana hayayyafa da gaggawar da har 'ya'yansa ke mutuwa da yawa a hanya. Duk da haka haihuwar ta fi mutuwar yawa nesa ba kusa ba. Ƙwayoyin kan ninka yawansu cikin awa 24 zuwa 48, kuma ba a san wani ƙari a jikin ɗan Adam da ya fi shi sauri ba. Akwai wani rini na zamani mai suna Ki-67 wanda ke kama ƙwayar da ke shirin rabuwa biyu kaɗai. In aka zuba shi a kan limfomar Burkitt kusan duka ƙwayoyin ke kamawa, watau babu mai hutawa a cikinsu.

A wani taro da aka yi a Faris cikin 1963 aka amince a riƙa kiran ciwon da sunan Burkitt, cikin 1969 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin gane shi a madubi, don kada kowa ya riƙa kiran abin da ya ga dama da sunan.

Doguwar Tafiya Da Taswira

Tambaya ta biyu da ta dami Burkitt ita ce, a ina da ina ake samun ciwon? Da 'yan kuɗin da ba su wuce fam 25 ba ya buga takardu masu hoton yaran, kimanin dubu, ya aika wa asibitocin gwamnati da na mishan ko'ina cikin Afirka. Duk inda aka amsa masa da cewa an taɓa gani sai ya soka allura a taswirar da ke bangon ofishinsa. Allurai suka yi ɗamara a tsakiyar nahiyar, daga gaɓar yamma zuwa ta gabas, da wutsiya da ta gangara kudu ta bakin tekun gabas.

Cikin Oktoba 1961 shi da abokansa likitoci biyu, Ted Williams da Cliff Nelson, suka hau wata tsohuwar mota ƙirar Ford don su gano iyakar wannan ɗamara. Sun yi mako 10 suna tafiya, sun ci mil 10,000, sun ziyarci asibitoci fiye da 50. Abin da suka gano shi ne ciwon ba ya hawa tudu. Kusa da tsakiyar duniya ba a samunsa a wurin da ya haura ƙafa 5,000, kuma duk yadda aka ƙara yin kudu sai iyakar ta ƙara saukowa. Ashe ba tudun ne ke hana shi ba, sanyi ne. Duk inda sanyi kan sauka ƙasa da awo 15 na ma'aunin Salshiyos, ciwon ba ya zama.

A nan ne ƙasarmu ta shigo cikin labarin. Bayan waccan tafiya Burkitt ya zo Afirka ta Yamma, inda babu manyan duwatsu irin na gabas, kuma ko'ina da zafi. Ya tarar ciwon ya yi yawa a kudancin Nijeriya mai yawan ruwa, a Kano kuwa, duk da ɗimbin jama'ar da ke kewaye da birnin, likitoci suka ce da wuya su gan shi. Haka kuma ya ji a Ankara ta ƙasar Gana, wadda ruwanta bai kai na dazuzzukan da ke bayanta ba. Daga nan ya ƙara sharaɗi na biyu, watau ciwon yana bukatar ruwan sama da ya haura inci 20 a shekara. Zafi da damshi kuwa, kowa ya san abincin sauro ne. Wani masanin ƙwari a Entebbe, Alexander Haddow, ya nuna cewa taswirar ta yi daidai da ta cututtukan da ƙwari ke yaɗawa. Sai zato ya tafi kan cewa wani bairus ne sauro ke ɗauka. Mai karatu ya riƙe wannan batu na Kano, za mu komo kansa.

Bairus Da Yaron Badun

Ranar 22 ga Maris 1961 Burkitt ya yi lacca a asibitin Middlesex da ke Landan. Cikin masu sauraro akwai wani mai bincike, Anthony Epstein, wanda ya daɗe yana nazarin bairus masu sa wa kaji daji. Nan take ya roƙi a riƙa aiko masa da yankin ƙarin daga Kampala ta jirgin sama. Kusan shekara uku yana nema bai sami kome ba. Cikin Disamba 1963 hazo ya sa aka karkatar da jirgin zuwa Manchesta, saƙo ya iso a makare, ruwan da ke cikin kwalbar ya yi gurɓi kamar ya lalace. Da ya duba sai ya ga ba ruɓa ba ce, ƙwayoyin dajin ne suka saki jikinsu suna yawo a raye. Ya rene su a kwalba suka yi ta hayayyafa. Cikin 1964 shi da Yvonne Barr da Bert Achong suka hango bairus a cikinsu da madubi mai aiki da lantarki. Shi ne bairus ɗin Epstein-Barr, na farko da aka danganta da daji a jikin mutum.

A daidai wannan lokaci ana irin wannan aiki a Asibitin Koyarwa na Ibadan, wadda muka fi sani da Badun. Cikin 1963 wani masani mai suna Pulvertaft ya rene ƙwayoyin da aka ciro daga muƙamuƙin wani yaro ɗan Nijeriya mai shekara 11. Aka sa wa ƙwayoyin suna Raji. Yau fiye da shekara 60 ke nan jikokin waɗannan ƙwayoyi suna nan da rai a ɗakunan bincike na duniya, ana gwada sababbin magunguna a kansu. Kafin wannan, cikin 1960, Farfesa George Edington ya kafa rajistar masu ciwon daji a Badun, wadda ta nuna cewa limfomar Burkitt ce ta fi kowane daji kama yaran yankin.

Sai dai murna ba ta daɗe ba. Werner da Gertrude Henle, miji da mata masu bincike a Filadalfiya ta Amurka, suka gano cewa wannan bairus yana jikin fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan mutanen duniya, Bature da Baƙar fata. Ba sauro ke yaɗa shi ba, ta yawu ake ɗauka. A ƙasashenmu yaro kan kamu tun yana goye, ta hanyar tauna masa abinci da shan ruwa a moɗa ɗaya, kuma ba ya ko nuna alama. To, in kowa na ɗauke da shi, me ya sa ciwon ya zaɓi wasu ƙasashe ya bar wasu?

Sauro Da Aikin Garki

Amsar ita ce zazzaɓin cizon sauro. Wani masani Ba'amurke, Gilbert Dalldorf, ya kawo wannan shawara tun farkon shekarun 1960, Burkitt kuma ya karɓe ta ya ƙarfafa ta cikin 1969. Hujjojin suna da ƙarfi. A tsibirin Zanzibar, inda aka yi yaƙi da sauro sosai a lokacin, ciwon ya yi ƙaranci alhali yana nan a gaɓar da ke fuskantarsa. A Niyu Gini kuwa, can gabashin duniya, inda zazzaɓi ya yi katutu, sai ga ciwon kamar a Yuganda. Game da bairus ɗin ma an sami ƙarin hujja. Daga 1972 aka ɗebi jinin yara 42,000 a lardin Yammacin Nilu na Yuganda aka ajiye, aka zuba ido. Cikin 1978 aka ba da rahoton cewa 14 daga cikinsu sun kamu, kuma tsohon jininsu ya nuna tun da wuri jikinsu na fama da bairus ɗin fiye da na tsaransu.

Yanzu sai mu komo kan batun Kano. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya sun gudanar da wani babban bincike kan zazzaɓi a gundumar Garki, wadda a lokacin tana cikin Jihar Kano kafin a yanke Jigawa a 1991. Garki tana arewa maso gabas da Kano, shiyya ɗaya da Zakirai, ƙasa iri ɗaya, damina iri ɗaya, gero da dawa da gyaɗa iri ɗaya. An ƙirga sauro, an duba jinin mutane a kai a kai, an fesa maganin ƙwari a ɗakuna, an raba magani gida-gida. Rahoton da Molineaux da Gramiccia suka fitar a 1980 ya nuna cewa a wasu ƙauyuka mutum ɗaya kan sha cizon sauro mai ɗauke da cuta fiye da sau 100 a shekara, mafi yawa cikin damina, kuma mafi yawan ƙananan yara suna da ƙwayar zazzaɓi a jininsu. Feshi da magani sun rage cutar ƙwarai, amma ba su tsinke ta ba, da aka daina kuma ta dawo.

Ke nan ƙasar Kano ba ta rasa sauro ba, kuma ruwanta yakan wuce ma'aunin Burkitt. To, me ya sa aka ce ciwon ya yi ƙaranci? Akwai bayani biyu, kuma a ganina kowanne yana da rabonsa na gaskiya. Na farko, zazzaɓinmu na lokaci ne. Wata huɗu zuwa biyar yake yi da ƙarfi, sa'an nan rani ya ba jikin yaro hutu, saɓanin kurmi inda babu ranar hutu. Na biyu kuwa, taswirar Burkitt taswirar asibitoci ce. Abin da likita ya gani shi aka soka wa allura. A farkon shekarun 1960 babu asibitin koyarwa na jami'a a duk Jihar Arewa, sai a 1967 Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen koyon likita, inda shi Edington ya komo daga baya. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano kuwa sai 1988. Yaron da ya kamu a wani ƙauyen Gabasawa a wancan zamani, ciwon da ke gama aikinsa cikin 'yan watanni, yaushe ya isa birni har a yanki tsokarsa a duba? Da aka sami madubi da masu duba shi, sai rahotannin Zariya da Kano suka riƙa nuna limfomar Burkitt a sahun gaba na dajin yara, tare da dajin ido. Rashin gani ba shi ne rashin abu ba.

Duwatsun Murhu Uku

Saura tambaya ɗaya: me ke faruwa a cikin ƙwayar kanta? Kowace ƙwayar jiki tana ɗauke da littafin umarni da ta gada daga uwa da uba, an rarraba shi cikin kundi 46 da ake kira kuromosom, biyu-biyu, an ba su lamba. Cikin 1972 wasu masana biyu 'yan Bulgeriya, Manolov da Manolova, suka lura cewa kundi na 14 ya yi tsawo fiye da kima a ƙwayoyin wannan ciwo. Cikin 1976 Lore Zech da abokan aikinta suka gano cewa ƙarin daga kundi na 8 ya tsinko. Cikin 1982 kuma ƙungiyoyi biyu a Amurka, ta Carlo Croce da ta Philip Leder, suka karanta abin da ke rubuce a wannan yanki. Umarni ne da ake kira MYC, ma'anarsa a taƙaice: ki girma, ki rabu biyu.

Duk ɗalibin da ya taɓa aiki da tsofaffin rubuce-rubucen ajami ya san yadda warƙa kan zame daga wannan littafi ta faɗa cikin wancan, tun da ba a ɗinke suke ba. Haka abin yake a nan. A wurinsa na asali, umarnin MYC ba a karanta shi sai da bukata. Amma babin da ya faɗa ciki a kundi na 14 shi ne babin ƙera makamai, wanda ƙwayar B ke karantawa dare da rana. Saboda haka sai ta shiga rabuwa ba tsayawa. Kimanin kashi 80 cikin 100 na masu ciwon haka nasu yake, sauran kuwa musayar tsakanin kundi na 8 ne da na 2 ko na 22, inda sauran babukan makaman suke.

Me ke jawo wannan kuskure? Ita ƙwayar B, don ta ƙera makamin da ya dace da sabuwar cuta, dole ta yanka ta gyara wasu shafuka na littafinta da kanta, tana da wani sinadari mai suna AID da ke yi mata wannan aiki. Zazzaɓin da ke zuwa a kai a kai yana tilasta wa miliyoyin ƙwayoyin B su yi ta wannan yanke-yanke cikin gaggawa, mai gaggawa kuwa ba ya rasa kuskure. Har ila yau zazzaɓin yana raunana ƙwayoyin T masu tsare bairus, sai bairus ya sami sarari. A ƙa'ida, ƙwayar da ta yi irin wannan kuskure takan kashe kanta. Aikin bairus ɗin shi ne ya hana ta mutuwa. Ashe dai duwatsun murhu uku ne, zazzaɓi da bairus da zamewar warƙa, sai sun haɗu tukunya ke zama. Wannan ne ya sa yara miliyoyi ke da zazzaɓi da bairus, amma 'yan kaɗan ne ke kamuwa.

Wannan bayani ya shafi irin na Afirka, wanda ake samun bairus a kusan kashi 95 cikin 100 nasa, ya fi kama yara maza, ya fi son muƙamuƙi da ciki. Akwai iri na biyu da kan ɓullo jefi-jefi ko'ina a duniya, galibi a hanji, mafi yawansa babu bairus. Akwai na uku da aka fara lura da shi a 1982 a jikin masu ƙanjamau. A madubi duka ukun kamarsu ɗaya, kuma duka suna da matsalar MYC.

Magani

Saurin da ke sa ciwon kisa shi ne kuma lagonsa, domin magungunan daji sun fi cin ƙwayar da ke cikin rabuwa. Tun farkon shekarun 1960 Burkitt ya gwada maganin methotrexate da ya samu ta hannun Joseph Burchenal na Niyu Yok, Peter Clifford a Nairobi da Victor Anomah Ngu a Badun kuma suka yi aiki da cyclophosphamide. Abin da suka gani ya ba duniya mamaki: kumburin da ya rufe fuskar yaro ya narke cikin 'yan kwanaki, wasu yaran ma suka warke sarai da allura ɗaya ko biyu. Cikin 1967 aka buɗe cibiyar jinyar limfoma a Kampala. Cikin 1972 aka ba Burkitt da Burchenal da John Ziegler da Ngu, wanda ɗan Kamaru ne, lambar yabo ta Lasker a Amurka.

A yau, a ƙasashe masu hali, kimanin yara 9 cikin 10 ke warkewa, ta hanyar haɗa magunguna da yawa tare da wani sabo mai suna rituximab, wanda ke neman wata alama da ke jikin ƙwayar B. A yawancin ƙasashen Afirka kuwa waɗanda ke tsira ba su cika haura rabi ba, a nahiyar da aka gano ciwon aka kuma fara warkar da shi. Dalilan sanannu ne: zuwa a makare, rashin mai duba tsoka da wuri, tsadar magani, da yanke jinya da zarar kumburi ya saɓe, alhali saura na nan a ɓoye. Cikin 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan ciwo cikin dajin yara shida da ta ba fifiko, da burin a kai ga ceton kashi 60 cikin 100 na yara masu daji kafin 2030.

Kammalawa

Mun ga yadda wannan tarihi ya faro daga idon likita ɗaya, ya bi ta madubin Makerere da kwalaben Landan da Badun, ya ratsa ƙauyukan Garki, har ya kai ga kundi na 8 da na 14. Darasin da ya bar wa mutumin Zakirai bai da wuyar faɗi. Kumburin fuska ko na ciki da ke ƙaruwa kullum a jikin yaro, da haƙoran da ke girgiɗi ba lokacin famfara ba, ba abin jira ba ne. Ciwon da ke ninka kansa cikin kwana biyu, wanda ya jira kasuwa ta zagayo sau uku ya ba shi ratar da ba a kamowa. Tafiyar Zakirai zuwa Kano ta Gezawa ba ta kai yini ba. Maganar cewa daji ba ya son allura kuwa, tarihin nan ya nuna wannan dajin allura ce maganinsa. Sa'an nan gidan sauro, da maganin rigakafin zazzaɓi da ake raba wa yara da damina, suna cire dutse ɗaya daga cikin ukun nan.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyanmu, mu ɗaliban harshe. Kalmar daji a bakin Bahaushe ta haɗa cututtuka barkatai, daga gyambon da ya ƙi warkewa har zuwa ciwon da ke cin leɓen yara, kowanne kuwa maganinsa daban. Muddin babu sunan da uwa a ƙauye za ta rarrabe wannan kumburi da hangum, to, abin da aka gano tun 1958 bai iso gare ta ba tukuna. Ya kamata masana Hausa su zauna da likitocin Kano da Zariya da Sakkwato a tsayar da sunaye, a kai su gidajen rediyo da makarantu da zaurukan masu unguwanni, har su isa ga wanzamai, tun da su ne farkon waɗanda ake kai wa yaron. Allah Ya sa mu dace.